Cokalin da Baba Bai Ɗanɗana Ba

Ranar Litinin Auta ta ci abinci har da satar naman yayanta. Ranar Laraba ta ture faranti, ta ce akwai guba a ciki. Shekararta tara. Ba abin da ya faru sai ciwon maƙogwaro da ta yi mako biyu kafin nan, wanda kowa ya riga ya manta da shi.

Likitan yara ya ce sojojin jikinta ne suka fita yaƙar ƙwayar cutar, suka yi kuskure suka taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ba da magani. Barcin da ya ƙaurace mata ya dawo, fizgar kafaɗar da ta fara ta ragu, amma tsoron abinci ya zauna daram. Ba ta kai cokali baki sai wani ya ɗanɗana a gabanta, ta jira ta ga bai faɗi ba.

Babanta, mai gyaran keken ɗinki, shi ya ɗauki aikin. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya lalace ya ƙyale, to ga gyara ya samu mai sauƙi. Kullum da rana sai ya rufe shago ya zo ya ɗanɗana. Da farko cokali ɗaya ya isa. Kafin wata ya cika, sai ya cinye rabin faranti take yarda da loma biyu. Shi yana tumbi, ita siket yana zamewa. Likita ya ce in ta ƙara rasa kilo ɗaya, za a kwantar da ita a sa mata robar abinci ta hanci.

Aka tura su wurin likitar halayyar yara, a wani ɗaki mai ƙananan kujeru da sikeli a bayan ƙofa. Ta saurare su har suka gama, sannan ta dubi uban.

"Baban Auta, ɗanɗanawar nan za ku daina."

"Likita, in na daina ai ba abin da za ta ci."

"Duk cokalin da kuka ɗanɗana, kun gaya mata tsoron nan gaskiya yake faɗa. Magani ya yi nasa. Wannan saura koyo ne, a hankali za mu warware shi."

Ya fito yana gunaguni, wai ciyar da 'yarsa ma ya zama laifi. Uwar ta ce, "Garin neman gira dai kada mu rasa ido."

Makon farko Auta ta riƙe cokali kawai. Na biyu ta shinshina, ta lasa. Ta raɗa wa tsoron suna Maƙaryaci. A mako na uku aka ajiye mata shinkafa a ɗakin likitar, aka zaunar da uban a ƙaramar kujera, gwiwoyinsa kusan a haɓa.

"Baba, taɓa mini. Sau ɗaya kawai."

Ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya. "Maƙaryaci ne yake magana, Auta. Ina nan."

"Baba, so kake in mutu?"

Ya ƙara danne hannuwansa, haka aka koya masa. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai da aka yi minti ashirin sannan ta kai cokalin baki, tana kuka. Ta haɗiye, ta jira mutuwa, ba ta zo ba. Ta ƙara cokali biyu.

Ba a sa robar ba. Kwana huɗu Auta ba ta yi masa magana ba, abin kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai. Yakan zauna a gefen tebur, tana ci tana harararsa, shi kuma bai taɓa jin daɗin harara irin wannan ba.