Binciken da Ba a Zaɓa Ba

Radiya ma'aikaciyar bincike ce, irin waɗanda ake turawa gida-gida. Lokacin da wata cibiya ta yi binciken hawan jini a cikin birnin Zariya, ita aka ba wa unguwar Kwarbai. Tana auna jinin tsofaffi, tana kai musu magani kyauta. A nan ta saba da Iya Delu mai ƙosai, wadda ba ta kiranta da komai sai 'yata.

Da binciken ya ƙare, magani ya tsaya. Ba wani babba da ya je ya yi wa tsofaffin bayani, ita aka bari da su. Ba a jima ba Iya Delu ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Radiya ta je dubiya, Rilwanu ɗan tsohuwar ya tare ta a zaure, ya ce sun gama da mahaifiyarsa, me kuma ta zo nema. Daga ranar ta daina bin layin.

Ana haka Dakta Aƙilu ya zo cibiyar da sabon aiki. Zai zaɓi ɗaya daga cikin bincike-binciken lafiya na cibiyar ya duba yadda ma'aikata ke zama da mutanen da suke bi. Radiya ta same shi a ofis ta kwashe labarin duka ta gaya masa. Ya saurara sosai, har ya cire tabarau. Sannan ya ce binciken da ke gudana yake nema, wanda zai gani da idonsa, nata kuwa an rufe. Ga shi shugaban cibiyar ya ce mutanen Kwarbai ransu a ɓace yake.

Ta ce, "Dakta, ai ɓacin ran nan shi ne abin dubawa."

"Na gane, Malama Radiya. Amma ba za su karɓe mu ba."

Ya zaɓi binciken masu juna biyu na unguwar Tukur-Tukur. Da yake ba ya shiga cikin gida, Radiya aka sa ta riƙa yi wa matan tambayoyi. A makon da suka fara, ta ji rasuwar Iya Delu a bakin wata fasinja cikin keke-napep. Ba ta iya zuwa gaisuwa ba.

Washegari ta zauna a tabarmar wata mai ciki, Sa'ida, ta tambaye ta yadda take ji da ma'aikaciyar da ke zuwar mata. Sa'ida ta yi murmushi ta ce ai sun zama 'yan'uwa, ba mai raba su. Radiya ta duba rikoda ta ga tana ɗauka, ta wuce tambaya ta gaba.