Hannun Adama

Hannun Adama yana cikin tumbin saniya har gwiwa, ruwan famfo yana zuba a kansa, lokacin da Ɗan'azumi, magatakardan ƙungiyar mahauta, ya zo ya tsaya can nesa don kada a ɓata masa takalmi.

"Yaya Adama, Oga ya ce gobe ki sa kayan kirki. Baƙin nan za su zo."

"Na ji," ta ce, ba ta ɗago ba.

Baƙin na Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Mahautan Yammacin Afirka ne, wadda mahautan wannan kwata ta Agege suka daɗe suna zawarcinta. Duk wanda ta karɓa sai ta gina masa ɗakin sanyi na ajiye nama. Amma ta kafa sharaɗi biyu: a zaɓi shugabanni da ƙuri'a, kuma mace ta zauna a majalisa. Mutanen da suke gadon sarauta yadda suke gadon wuƙa suka yi zaɓe, Ogansu, Alhaji Talle, ya gaji kansa. Kujerar mace kuwa, matan da ke wankin kayan ciki suka tura wa Adama, saboda bazawara ce, ba ta da mijin da zai zare mata ido daga ɓangaren mahautan.

Ba don son kujera ta yarda ba. Ɗakin sanyin nan a kan dakalin famfo ake shirin gina shi, inda matan suke wanke hanji da tumbi tun kafin a haifi Ɗan'azumi. Su kuma za a mayar da su bayan katanga, bakin lambatu, inda babu ruwa sai na sama. Alhali ga fili can kusa da ƙofa, ba abin da ke cikinsa sai motar Alhaji.

Washegari ta ɗaura atamfar da ta aro wurin maƙwabciyarta. Ta yi wanka ta sake, amma ƙarnin sana'a ba ya jin sabulu. A ofis aka ajiye mata kujerar roba a gaba, kusa da Longji, dillalin fatu, Kirista mutumin Filato, wanda ya fi kowa daɗewa a majalisar, ya kuma fi kowa shiru. Babbar baƙuwar, wata mai tabarau daga Akra, ta riƙe hannun Adama ta yi ta girgizawa kamar ta ga 'yar'uwar da ta ɓata.

Da aka zo kan batun ɗakin sanyi, Adama ta miƙe. Ta faɗi abin da ta kwana biyu tana tisawa: yawan matan da ke ci a dakalin, da 'ya'yan da ke bayansu, da filin bakin ƙofa. Abin da ya ba ta tsoro shi ne ba wanda ya katse ta. Mahautan da ba sa barin liman ya kai aya suka yi tsit suna gyaɗa kai.

"Hajiya ta yi magana mai kyau," in ji Alhaji Talle. "To, a kaɗa ƙuri'a. Wa ya yarda a gina a kan dakali?"

Hannuwa suka tashi tare, babu mai duban wani. Longji bai ɗaga ba.

"Wa bai yarda ba?"

Adama ta ɗaga nata, hannun da ruwa ya cinye har farcensa ya yi fari. Shi kaɗai ne a sama. Baƙuwar ta zabura da waya ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka, ta roƙe ta da kada ta sauke tukuna. Sannan ta yi dogon jawabi, Ɗan'azumi yana fassarawa: ta zaga garuruwa da yawa, matan da ake zaunarwa a majalisa amin kawai suke cewa, yau ta ga wadda ta ce a'a a gaban maza ba a tsawata mata ba. Wannan hannu ya ishe ta shaida. An karɓi Agege.

Ana tafi, Adama ta sunkuya wajen Longji.

"Baba Longji, yaushe suka gama magana?"

"Jiya, a ƙofar masallaci, bayan Azahar. Da a nan ake yanke komai, 'yata. Tun da aka ba ni kujera, magana ta koma can." Ya ɓare goro ya miƙa mata rabi. "Sannu da zuwa."

Ta karɓa. Ta zaci za ta ji fushi, sai ta ji gajiya kawai, irin ta wanda ya hau motar danfo ya yini ya sauka a tashar da ya shiga.

A bakin ƙofa Alhaji Talle ya tare ta, fuskarsa cike da fara'a, kuma ba ta ƙarya ba.

"Allah Ya yi miki albarka, Hajiya. Wallahi ba don ke ba, da ba su karɓe mu ba."

Ta bi ta cikin jini da ruwa ta koma dakali, tana tattare zanen aro. Matan suna nan a duƙe, famfo yana zuba. Bilkisu, wadda ta fi kowa matsa mata ta karɓi kujerar, ta ɗago da hanji a hannu.

"Yaya, kin faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Sun ji?"

"Har hoto aka yi mini."

Bilkisu ta yi murmushi, ta juya tana sanar da sauran. Adama ta naɗe hannun riga, ta jawo bahonta ƙarƙashin famfon, ta bar shi ya cika har ya tumbatsa.