Sandar Baba a Ramin Ƙarshe

Ni na sa sunayensu a gasar 'yan gida ɗaya, kuma ban yi nadama ba. Yayyena biyu, Mamduh da Shaukat, sun yi shekaru ba sa ga-maciji da juna a kan tsohuwar sandar golf ta Baba, mai ƙotar katako. Mamduh ya ɗauke ta bayan rasuwar Baba, Shaukat ya ce shi aka yi wa alkawarinta. Tsofaffi da furfura, wai sanda! Ga shi jibi Shaukat zai tafi Kanada wurin 'yarsa da ciwon zuciyarsa, kuma duk mun san ba dawowa Alkahira zai yi ba.

Kulob ɗinmu na golf da ke tsibirin kogin Nilu ba a sayen shigarsa, gadonsa ake yi. Gasar kuwa tun zamanin kakanni haka take: 'yan'uwa biyu, ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya ɗora daga inda ta faɗi. Gidanmu bai taɓa fashi ba. Don kunyar Baba suka zo, kowa ya sha mur.

Mamduh ya fara. Ya gyara tsayuwa, ya auna da kyau, ya aika ƙwallon cikin ramin yashi da gangan.

"Afaf," in ji Shaukat, "gaya wa yayanki hannunsa ya tsufa."

"Gaya masa tafiya a yashi maganin gwiwa ce," in ji Mamduh.

Shaukat ya fito da ita, ya cusa ta gindin ɓaure. Mamduh ya rama da kwatar ban ruwa. Waɗanda ke bayanmu suka gaji suka wuce, wani tsohon alƙali har da ɗaga mana hula. Ni na zama 'yar aike, ina kai baƙar magana ina dawo da wata, ƙafafuna kamar su tsinke.

Can wajen filin dawakai aka manta da ni.

"Haba Yaya, wannan bugu ne ko sharar tsakar gida?" in ji Shaukat.

"Rufe mini baki, Likita. Da haka kake yi wa mutane fiɗa?"

Na yi tsit, kada su tuna suna gaba.

Mun iso ramin ƙarshe ana kiran azahar daga tsallaken kogi, 'yan kulob sun cika baranda suna shan lemon tsami. Ƙwallon ta tsaya taƙi ɗaya daga bakin rami, Shaukat ne zai buga. Sai Mamduh ya zaro wani abu daga jakarsa, nannaɗe da tsohon mayafin Mama. Sandar Baba ce.

"Riƙe. Kada ka ba mu kunya."

Shaukat ya daɗe yana shafa ƙotar. Ya sunkuya, ya buga, ƙwallon ta wuce ramin ta yi can gefen ciyawa.

"Taƙi ɗaya fa! Jikata ma za ta jefa wannan!" Mamduh ya fizge sandar, ya taka har can yana mita. Ya duƙa, ya auna, ya sake aunawa. Shi da ba ya kuskure irin wannan, sai ga ta ta wuce, ta fi ta ɗazu nisa.

Baranda ta kwashe da dariya. Ni kuka ya zo mini, don na gane.

Shaukat ya miƙa hannu ya karɓi sandar. "In ta faɗa, an tashi ke nan, Yaya."

"Na sani. Buga a hankali."

Na zauna a kan ciyawa, na yafito mai kawo shayi, na ce ya kawo mana nan.