Barandar da Leszek Ya Kafa

A layin su Leszek Wolanin, a birnin Buffalo, kowane gida da barandarsa ta katako. Lokacin zafi, da yamma ta yi, kowa sai ya fito da kujerarsa, a yi ta hira daga baranda zuwa baranda. Gida ɗaya ne ba shi da ita, wanda 'yarsa Halina, mai zanen gine-gine, ta gina wa kanta daura da nasa. Kankare ne zalla da gilashi, rufin a shimfiɗe kamar faranti.

Wata yamma Stan Kubiak, maƙwabcinsa tun ƙuruciya, ya ɗaga murya. "Leszek! Firjin nan na 'yarka, yaushe za a jona shi da wuta?"

Layi ya ɗauka da dariya. Leszek ma ya yi, har ya ƙara da cewa, "Ku bar ta, karatu ne ya yi mata yawa."

Da Halina za ta tafi Toronto aikin mako guda, ta bar masa makulli don ya riƙa ba furanninta ruwa. Shi kuwa shekararsa talatin yana aikin kafinta. Ya sayo katako, cikin kwana huɗu ya kafa baranda a gaban gilashin, har da ginshiƙai da farin fenti. Don ta tsaya da kyau, sai da ya huda bangon kankaren wuri takwas. Stan ne ya riƙe masa tsani, yana cewa, "Yawwa, yanzu ya zama gidan mutane."

Ranar Asabar da hantsi Halina ta dawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga falon da rana ta saba cikawa, ta tarar ya yi duhu. Leszek ya biyo ta, hula a hannu.

"Baba, kunyar gidan kake ji, ko tawa?"

"Mutane ne ke magana, Halina."

"Na ji su. Kai ma na ji ka ran nan. Tagata a buɗe take."

Ya sunkuyar da kai yana kallon fentin da ya maƙale a farcensa.

Da ya so, da ya bari sai Litinin, kowa ya tafi aiki. Amma ya jira yamma, sai da barandu suka cika, sannan ya fito da guduma.

"Kai, tsoho, ka zare ne?" in ji Stan.

"Taso ka riƙe tsani. Ai kai ka riƙe ranar kafawa."

Stan bai motsa ba. Leszek ya ɓamɓare katakon ɗaya bayan ɗaya, ido na kansa. Da ya gama, ramuka takwas suka bayyana a bangon. Ya san ko ya cike su, sabon siminti ba zai saje da tsohon ba.

Ya ɗauko kujerarsa daga gida, ya ajiye a kan dakalin kankaren, ƙarƙashin ramukan, ya zauna yana fuskantar layi. Can Halina ta buɗe ƙofa, ta ajiye kofin shayi kusa da ƙafarsa, ta koma ciki. Ba ta rufe ƙofar ba.