Ranar da Aka Karɓe Sunan Zakara

Tun yana saurayi ake kiransa Zakara, don kafin kowa a layin ya buɗe shago, shi ya riga ya share nasa ya zauna da gilashin ƙara gani maƙale a ido. Gyaran agogo ne sana'arsa. Sunan yankansa kuwa, ko matarsa sai ta yi jim kafin ta tuno.

Autarsa ce ta jawo maganar. Da ta gama karatun kwamfuta, ta ga ciniki ya ja baya, kowa ya koma duba lokaci a waya, sai ta buɗe masa shafi a intanet, ta sayi adireshin shafin da sunan da ke kan allon shagon: Zakara Agogo. Ashe can wata uwa duniya akwai hamshaƙin kamfanin agogo mai wannan suna, har da hoton zakara a tambarinsa. Auta ta san da haka sarai, amma ta ce ai tsuntsun Allah ne, ba na uban kowa ba.

Ba a jima ba mai kawo saƙo a babur ya fara sauke ƙananan kwalaye a ƙofar shagon, daga ƙasashen da Zakara bai taɓa jin sunansu ba. Mutane ne suka ɗauka nan ne wurin gyaran kamfanin.

Da ya buɗe bayan agogon farko, sai da ya ajiye hantsaki ya riƙe baki. Haƙora sirara ne cunkushe, wani kan wani, da 'yan jajayen duwatsu da ba su kai ƙwayar gishiri ba. Ya taɓa wani siririn zaren ƙarfe, abin ya motsa yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi.

"Tela! Tela, zo ka ga ikon Allah!"

Maƙwabcinsa ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya leƙa. "Ni dai hanjin ƙarfe na gani."

"Kai da ma ina ka san daɗin duniya? Mutum ne fa ya ƙera wannan, mai yatsu irin namu!"

Auta ta tsorata, ta ce, "Baba, mu mayar musu, ba mu suke nema ba."

"Agogo ya zo hannuna a mace, in mayar da shi a mace? Ba a shagon nan ba."

Haka ya riƙa gyarawa yana mayarwa. Kuma kamar kowane mai gyara na ƙwarai, kafin ya rufe murfi sai ya sa tsinin allura ya zana alamarsa a ciki, don in agogon ya dawo ya san aikinsa ne. Alamarsa kuwa ɗan zakara ce.

Wata safiya wata mata ta yi sallama, ta ce ita lauyar kamfanin ce. Ta ajiye murfin agogo a kan tebur.

"Baba, aikinka ne wannan?"

"Nawa ne," in ji shi, har da gyara zama. "Latti yake yi?"

"Ba ya latti. Mai shi ya kai mana shi a sauya masa maɗauri, ya ce mu muka gyara masa a bara, alhali ba mu taɓa ganinsa ba." Ta sassauta murya. "Sunan nan mun yi masa rajista a kan agogo. Sayen adireshi ba sayen suna ba ne, Baba. Da adireshin ne kawai, da sai a ce kuskure. Amma an karɓi aiki da sunan, an kuma sa zakara a ciki. Ko dai ku miƙa adireshin ku goge allon, ko mu haɗu a kotu."

Zakara ya dube ta. "Yanzu 'yata, suna ma ana mallakarsa kamar fili?"

"Har da shinge, Baba."

Auta na share hawaye ta miƙa adireshin a gaban lauyar. Bayan 'yan kwanaki lauyar ta dawo duba allo, ta tarar mai fenti na kan tsani ya shafe rabin sunan. Zakara ya ce wa Auta ta buɗe masa adireshin, yana son ya ga inda sunansa ya koma.

Wani makeken ɗaki ne ya bayyana a fuskar kwamfutar Auta, fari tas, ba a hango ƙarshensa. Mutane jere cikin fararen riguna, kowa a sunkuye, kowa da gilashi a ido irin nasa. Ya matso da fuska har numfashinsa na taɓa kwamfutar, ya manta da fushi, ya manta da mai fenti.

"Kai, duniya da faɗi take! Auta, duk waɗannan abin da nake yi suke yi?"

"Shi suke yi, Baba."

"Masha Allah," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi sha'awa suka ba shi, ko ɗigon hassada babu.

Daidai nan Tela ya ƙwala kira daga waje. "Zakara! Miƙo min almakashina!"

Tsohon ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya juya ya dubi lauyar, ya tambaye ta a hankali, "'Yata, in amsa?"