Audugar Sauda Ta Isa Miri

Tun da Sauda ta buɗe shagon ɗinki a Wunti, ba ta taɓa ɗinka abin da ya sa ta ɗoki kamar wannan ba. Audugar mata ce mai wankuwa, wadda ƙungiyar matan unguwa ta koya wa teloli: yadi mai laushi a sama, mai shan ruwa a tsakiya, leda a ƙasa, sai maɓalli. Yau Asabar za a kai wa 'yan matan makarantar Miri, kuma Anti Patricia, ma'aikaciyar jinyar da ke jagorantar ƙungiyar, ta ce ƙafarta ƙafar Sauda.

"Ni fa Anti ɗinki na iya, ban iya magana a taro ba."

"Wa ya ce ki yi magana? Ke dai riƙe buhu."

An ce musu aji ɗaya za su tarar. Da keke napep ɗin da suka hau ya karya kwana ya shiga filin makarantar, sai da Sauda ta dafe ƙirji. Gindin wani mangwaro ya cika maƙil, 'yan mata da iyayensu, masu goyo, har da tsofaffi a kan tabarma.

Anti Patricia ta yi bayani. Ta ce al'ada ba ciwo ba ce, ba kuma dalilin fashin makaranta ba ce. Ta nuna yadda ake wanke audugar da sabulu a shanya ta a rana. 'Yan matan suna ta ɓoye fuska cikin hijabi suna ƙyalƙyala dariya, amma da aka kwance bakin buhu sai kunya ta kama gabanta. Kafin ka ce kwabo, buhu ya ƙare, layi kuwa ko rabi bai yi ba.

Yarinyar da abin ya ƙare a kanta, Habibatu, ta tsaya tana kallon buhun. A hankali ta ce, "Anti, ni duk wata sai na zauna a gida. Tsumma ba ya riƙewa."

Sai wata tsohuwa da ake kira Inna Azumi ta karɓi auduga guda daga hannun jikarta, ta juya ta gaba da baya, ta ja ɗinkin.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ce, Inna."

"To 'yar nan, dole sai da keken ɗinki?"

"A'a, ko da hannu ma yana yiwuwa, in dai..."

"To zaman me muke yi? Kowa ta ruga gida ta ɗauko allura da zare!"

Wuri ya kaure. Aka dawo da wankakkun zannuwan atamfa da tawul. Da aka rasa leda, wata ta kawo tsohuwar lema, Sauda ta shafa yadinta ta daka tsalle. "Wannan ai ya fi ledar ma!" Ta zaro almakashi daga jaka, ba ta san lokacin da ta haye benci ba.

"Ku duba nan! A yanka shi da fukafukai biyu! Ke mai jan hijabi, matse ɗinkin, ba buhun masara kike ɗinka ba!"

Dariya ta ɓarke. Inna Azumi, da ido ya yi mata rauni, tana ta miƙa wa yara allura su zura mata zare, tana faɗin, "Mu a zamaninmu wa ya isa ya faɗi wannan magana a fili? Ku kam kun dace."

Habibatu ce ta fara gamawa. Ɗinkin ya ɗan karkace, fuffuke ɗaya ya fi ɗaya, amma da Sauda ta ja shi da ƙarfi bai motsa ba. Ta ɗaga shi sama.

"Ga ta Habibatu! Da hannunta ta yi!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa, saura suka amsa. Habibatu ta rufe fuska tana tsalle.

Ana cikin haka wasu mata biyu suka riƙe wa Sauda hannu. Sun ce daga Zungur suka zo bikin suna, kuma ba za su sake ta ba sai ta sa musu rana. Sauda ta kalli Anti Patricia.

"Asabar mai zuwa," in ji Anti Patricia.

"Ku tara duk lemar da ta mutu a garinku!" Sauda ta ƙwala musu tana shiga keke. Ta taɓa kafaɗar kujerar direba. "Malam, ta kasuwar Wunti za mu bi, yi sauri kafin masu yadi su rufe."