Gajerun Noti Biyar

Tun da ƙanwarsa Auta ta yi aure, Babba ya rasa sukuni a gidan ubansa. Shekara ashirin shi ke kula da motar Baba, shi ke kai shi asibiti, shi ke juye baƙin mai. Yanzu ko fitila ce ta mutu sai Baba ya ce, "A tambayi mijin Auta." Malamin makaranta ne fa, mai farar riga, wanda Babba bai taɓa ganin sifana a hannunsa ba. Abin yana cin sa a rai, kuma ya san sarai kishi ne.

Ran nan su uku, shi da Baba da mijin Auta, suna dawowa daga ganin likita, tayar baya ta yi faci daidai shagon wani kafinta. Babba ya ji daɗi har cikin ransa. Yau dai Baba zai ga wanda ya san mota.

Ya naɗe hannun riga, ya sassauta noti, ya kafa jak, ya cire tayar. Ya ciro safaya daga but, irin 'yar siririyar nan da ake lallaɓawa da ita zuwa wajen mai faci. Mijin Auta ya leƙa ramin da aka ciro ta, ya fito da wata ƙaramar leda.

"Yaya, ga wasu noti biyar a nan. An rubuta na safayar ne. Sun fi waɗancan gajarta."

"Noti ai noti ne," in ji Babba. "Matsa can, kar ka ɓata riga."

Alhali ya gani da idonsa ƙarfen safayar bai kai na tayar da ya cire kauri ba. Da kafintan nan ne ya faɗa, da tuni ya karɓa har da godiya. Amma daga wannan bakin? Ya mayar da dogayen, ya taka sifana da ƙafa sai da suka yi ƙara.

Ko taku goma motar ba ta yi ba aka ji ƙwas, ƙwas, sai ta cije. Dogayen sun zarce ciki sun tokare birki. Gumi ya karyo wa Babba.

Baba ya juyo daga kujerar gaba. "Wai me ya faru ne?"

Kafin Babba ya haɗa ƙarya, mijin Auta ya riga shi. "Baba, laifina ne. Ni na miƙa wa Yaya dogayen, na mance na safayar a aljihuna."

Baba ya girgiza kai yana dariya. "Ka gani ko, Malam? Mota ba aji ba ce. Ka dinga bin yayanka a hankali, shi ya san ta ciki da waje. Ni in ba shi ne a sitiyari ba, ko gyangyaɗi ba na iya yi."

Wata tara ke nan, tun auren Auta, Babba yana jiran wannan magana. Ga ta yau ta zo, amma wani ne ya roƙo masa ita.

Ya sake durƙusawa ya kafa jak. Mijin Auta ya tsuguna kusa da shi, farar rigar tana shan ƙura, yana miƙo masa gajerun ɗaya bayan ɗaya. Suka shiga lafiya lau, tayar ta juya sumul.

Babba ya kasa ɗaga kai ya dube shi. Ya so a ce tona shi ya yi a gaban Baba, da ko ba komai ya samu dalilin ƙin sa.